Babban Yatsan Alhaji

Inna ba ta roƙe mu komai ba sai abu guda, kada mu bari ta ƙarasa kwanakinta a asibiti. Ta faɗa wa Yaya, babban wanmu, ta faɗa mini, ta kuma maimaita a gaban likita don kada wani ya ce bai ji ba. Ɗakin da aka kai ta tana amarya a Ƙofar Kwaya, nan take so ajali ya same ta, a kan gadonta. Ciwon huhu ne ya ci ta a hankali har ta kai ba ta iya jan numfashin kirki sai da taimako. Likitan ya ce zai sallame ta bisa sharaɗi ɗaya: injin da ke tace mata iska, wanda ake jonawa a wuta, kada ya tsaya ko dare ko rana. Ya haɗa mu da wata ƙaramar tukunyar iska ta ko-ta-kwana, ya ce ba za ta kai wuni ba, in wuta ta ɗauke aka ga tukunyar na neman ƙarewa, a maido masa da mara lafiyarsa ba gardama. Muka ce mun ji, mun yarda.

Ba da ka muka yarda ba. A lokacin wani kamfani ya kawo wutar sola unguwanninmu, ya shimfiɗa faranta a Ƙofar Kaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Sauri, kowane wuri da ɗakin batura da wani akwatin kwamfuta mai launin toka. Akwatunan nan su ke rabon wuta. Babu mutumin da ke zaune yana latsa musu komai, su da kansu suke duba wane gida ke jan nawa, su ƙara wa wannan layi su rage wa wancan, suna shawara da juna ta intanet. A rediyo ana ce wa abin ƙirƙirarriyar basira, mu kuwa a unguwa 'yan uku muke ce musu, in fanka ta rage gudu sai ka ji mace ta ce 'yan uku sun yi fushi. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi aiki. Wuta ta zauna har muka manta da neman ashana, aka cire tsohuwar wayar wutar gwamnati daga layinmu, Yaya ya ba wani ɗan'uwanmu na ƙauye janaretanmu kyauta.

Ranar da aka buɗe aikin ina wurin, don ni malamar makaranta ce, kuma in ana neman matan da za su cika kujeru a taro ba a mantawa da mu. Injiniyan kamfanin ya tashi ya yi bayani. Ya ce na'ura tana iya kuskure, saboda haka an bar wa ɗan Adam linzami: za a sa ikon a wayoyin mutum uku, duk lokacin da 'yan uku suka yanke hukuncin da bai dace ba, in biyu daga cikin mutanen nan suka dangwala babban yatsa a wayoyinsu, dole na'ura ta janye. Ya ce a ganinsa a ba ma'aikatan da ke kwana suna tashi a ofis. Bai rufe baki ba rumfar ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya miƙe ya ce a garin nan ba a taɓa ba yaro sanda babba na zaune ba. Aka yi ta ƙus-ƙus a teburin manya, daga ƙarshe aka sanar cewa iko na farko na Alhaji ne, attajirin da ya ba da filin Ƙofar Sauri kuma shugaban kwamitin amintattu, na biyu na mai unguwarmu, na uku kuma na manajan kamfanin, shi ma don kada a ce an bar ma'aikata hannu rabbana. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya dangwala, aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa, masu hoto suka yi ta tsalle-tsalle. Aka raba mana lemo muka watse.

Da za mu dawo da Inna gida, ni da Yaya muka je ofis takanas muka sami manajan. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka tambayi aiki, sannan Yaya ya gaya masa akwai injin numfashi a gidanmu da ran tsohuwa ke rataye a kansa. Manajan ya dafa ƙirji ya ce Inna ai uwarsa ce, in wuta ta ɗauke a gidanmu a kama shi. Ya rako mu har bakin titi. Mu a wurinmu magana ta ƙare, an gaya wa babba kuma ya dafa ƙirji. Ashe shi ɗin bai taɓa gaya wa akwatunan ba, kuma su ba su san dafa ƙirji ba.

Inna ta yi watanni a ɗakinta cikin rufin asiri. Tana zaune da robar iska a hanci tana ba da umarni a kan miya, tana yi wa jikoki faɗa ta taga, ƙawayenta na zuwa su yi hirar mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Injin yana kusurwa yana gurnaninsa, har kunnenmu ya daina jinsa.

Wata Asabar cikin bazara, da hantsi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa sai na ji gurnanin ya yanke, injin ya fara wani kuka siriri. Na watsar da tiren na shiga. Fanka ta tsaya, fitilar injin ta koma ja. Na jawo tukunyar ko-ta-kwana na jona mata robar kamar yadda aka koya mana. Ta bangon maƙwabta kuwa ina jin talabijin ɗinsu na ta surutu. Na leƙa waje, mai shagon bakin layi firjinsa na aiki. Gidanmu kaɗai aka yanke.

Inna ta kamo gefen zanena. Ta ce, “Ba dai asibiti ba, ko?”

Na ce, “Haba Inna, wane asibiti? Yanzu za a maido.”

Yaya ya kira injiniya, shi kuma ya zo da wuri, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Muka bi shi zuwa ɗakin akwatin da ke bayan masallacin unguwa, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa ya yi ta dube-dube yana tsaki. Sannan ya gaya mana abin da ya faru. Kwanakin baya wani shago ya ƙone a Ƙofar Kaura saboda waya ta goge. 'Yan uku suka bi diddigin gobarar, suka lura cewa kafin wutar ta tashi shagon yana jan lantarki daidai wa daida, ba ƙari ba ragi, dare da rana. Sai suka kafa wa kansu doka: duk gidan da ke jan wuta haka, wayarsa ce ke yoyo, a yanke shi kafin ya ƙone. Injin Inna kuwa haka yake ja, don haka aka ƙera shi.

Na ce, “To ka gaya masu ba yoyo ba ne, ka kunna.”

Ya kunna. Yaya ya kira matarsa a gida ta ce wuta ta dawo, muka yi hamdala. Kafin injiniyan ya rufe kwamfutarsa ta sake kira ta ce an ɗauke. Ya ce ai abin da yake tsoro ke nan. Akwatin nan na gabanmu ya bi umarninsa, amma na Ƙofar Kaura da na Ƙofar Sauri sun ga an saɓa doka, sun ɗauka ɗan'uwansu ne ya sami matsala, sun rinjaye shi sun mayar da hukuncin. Ko ya tafi can ya kunna, sauran biyun da ya bari a baya za su sake kashewa. In kuma ya ce zai kashe su gaba ɗaya, unguwa uku za su shiga duhu har da ɗakin haihuwa na Ƙofar Sauri, kuma ba a nan ƙwaƙwalwarsu duka take ba, wani sashen yana cikin manyan kwamfutoci a ƙasashen da shi kansa bai taɓa zuwa ba, daga can za a sake tayar da su da dokarsu.

Na ce, “Wa ya koya masu wannan doka?”

Ya ce, “Ba kowa, Malama. Su suka koya ma kansu.”

“To wa ke iya hana su?”

“Babban yatsa biyu.”

Na ji sanyi a raina, don a ganina abin ya zo da sauƙi. Mutum uku ne, duk suna cikin gari, biyu kawai ake nema. Muka raba aiki, Yaya ya koma gida ya nemi dabara, ni kuma na tsayar da keke-napep na nufi ofis a Ƙofar Kaura.

Na sami manajan a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki yana cin gyaɗa. Ya miƙe da fara'a ya fara jero gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya ɗalibai, yaya jikin Inna. A nan na tare shi na zayyana masa komai. Ya yi salati, ya dafe kai, ya ciro wayar ya buɗe wurin dangwalawa ya ajiye a kan tebur tsakanina da shi. Ina kallon wurin, wani ɗan da'ira ne kore da bai kai bakin kofin shayi ba.

Na ce, “Bismillah, Manaja.”

Ya ce, “Malama, wallahi a shirye nike. Amma ki duba, ni ne ƙarami cikinmu. Duk wanda ya hwara dangwalawa, sunanshi ke hitowa bisa wayoyin sauran. Alhaji ya buɗe waya ya ga ni na riga shi? Ni da ke cin abinci ƙarƙashinshi? Ki samo man mai unguwa ya sa nashi, wallahi kahin ki ƙifta ido na bi.”

Na ce, “Kai da ka ce Inna uwarka ce.”

Ya ce, “Uwata ce kau, shi ya sa nike son a bi abin ta hanyar da ba za a samu matsala ba.”

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, ɗalibaina za su ba da shaida. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, har masinja ya leƙo. Bai yi fushi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Murmushi yake ta yi yana cewa in yi haƙuri, yana tura mini gyaɗa. Wani ɓawon gyaɗa ya maƙale masa a leɓe yana motsi duk lokacin da ya ce wallahi, na fita ban yi sallama ba.

A hanya Yaya ya kira. Ya ce ya ja wayar wuta daga gidan maƙwabta ta kan katanga, injin ya tashi, amma ba a jima ba 'yan uku suka gano irin jan nan a can, suka yanke maƙwabtan su ma, ga su da jariri cikin wannan zafi. Sauran gidajen layin da suka ji labari kowa ya ba da haƙuri, ban kuma ga laifinsu ba. Ya aro ƙaramin janareta wurin tela, injin ya ƙi zama a kansa, sai kuka yake yana mutuwa, hayaƙin kuma ya tayar wa Inna da tari har sai da aka kashe. An mayar da ita kan tukunya. Ya ce allurar agogon tukunyar ta wuce rabi.

Mai unguwa yana zaurensa a kan buzu, da mutum biyu da suka kawo ƙarar kwata. Abokin mahaifinmu ne, a hannunsa aka ɗaura mini aure. Na durƙusa na gaishe shi, na jira ya gama da masu kwata, don ya ɗaga mini hannu alamar in dakata. Da na faɗa masa sai idonsa ya kawo ruwa, hawayen gaske, ya ce Inna ce ta yi wa matarsa wankan jego na fari. Ya laluba aljihu ya fito da wayar a cikin wata 'yar jaka, ya miƙo mini in buɗe masa don idonsa ba ya gani sosai. Na buɗe, na riƙe masa ita daidai hannunsa.

Ya ce, “Alhaji ya sa nashi?”

Na ce, “Baba, ba a buƙatar na Alhaji. Kai da manaja kun isa. Shi yana can yana jiranka.”

Ya janye hannun ya sa cikin riga. Ya ce, “Ɗiyata, ke yarinya ce. Mutumin nan shi ya ba da hili, shi aka hwara kira ran taro. In na shiga gabanshi, gobe mi za a ce cikin gari? A ce mai unguwa ya haɗa kai da yaron kamfani sun zagaye Alhaji. Ni ban gaji haka ba. Ki tahi gidanshi, ba nisa, mutum ne mai tausayi. Yana sawa ina sawa.”

Na ce, “Baba, iskar tana ƙarewa.”

Ya ce, “Allah ba ya barin wani don wani. Ki hanzarta.”

Hannunsa yana nan cikin riga, tazararsa da wayar ba ta kai taƙi ɗaya ba. Wallahi sai da raina ya ba ni in fizgo yatsan in danna da ƙarfi, tsoho ne, ba zai iya ƙwacewa ba. Masu kwata suna bakin zaure suna kallo. Na ajiye masa wayar a kan buzu na tashi.

Na isa gidan Alhaji a Ƙofar Sauri bayan azahar. Mai gadi ya ce mata ta ƙofar baya suke shiga, aka kai ni sashen Hajiya, uwargidansa. Falo ne mai sanyi kamar randa, fitilu a kunne da rana tsaka, wani ƙaton talabijin yana magana shi kaɗai ba mai kallo. Hajiya ta karɓe ni hannu biyu, ta sa aka kawo dambun nama da kunun aya, ta saurare ni tana girgiza kai tana cewa Allah sarki. Da na gama ta ce Alhaji ya ci abinci ya shiga hutawa, sai la'asar.

Na ce, “Hajiya, a taimaka a tashe shi. Yatsa kawai zai sa ya koma barcinshi.”

Ta dube ni kamar na ce a cire rufin gidan. Ta ce, “Malama, tunda nike gidan nan ban taɓa ganin wanda ya tashe shi ba. Ko ran da gobara ta kama shagonshi na kasuwa sai da ya hito da kanshi aka hwaɗa mashi. Ki ci abinci, yanzu la'asar ɗin za ta yi.”

Na roƙe ta da Allah da Annabi. Na ce ta nuna mini ƙofar ni in buga, in ya yi faɗa a kaina. Na miƙe ma na nufi wani lungu da na ga ana yi wa tafiyar sanɗa, sai ta riga ni ta tsaya a bakinsa, ta ce cikin murya ƙasa-ƙasa kada in ja mata abin da zai dame ta bayan na tafi. Na ga tsoro ne a idonta, tsoro na gaske, na koma na zauna. Daga nan na kira manaja, ya ce wayar na hannunsa, yana jiran mai unguwa. Na kira mai unguwa, ya ce yana kan buzu bai motsa ba, yana jiran Alhaji. Ga mutum biyu a farke, kowa da yatsansa lafiya lau, sun isa su maido wa uwata numfashi, sun zauna suna gadin barcin na ukun. Ƙamshin dambun nan ya cika mini hanci, na ture kwanon da ƙafa zuwa ƙarƙashin kujera.

Ban taɓa jin ƙyamar mutanen garinmu ba sai a falon nan, ni da nake cika baki da ladabinmu a gaban baƙi. Akwatunan ban ji haushinsu sosai ba, gobara suka gani suka ji tsoronta irin nasu, ba wanda ya gaya musu akwai tsohuwa. Amma a ce an kawo abin da ba ya barci, ba ya jin roƙo, yana yanke hukunci a kan gidajen mutane kafin ka ce kwabo, sannan a ɗauki linzaminsa a raba kamar goron ɗaurin aure, wannan na babba, wannan na mai bi masa. Ba wanda ya tambaya ranar taron ko masu linzamin za su iya ja in ta ɓaci.

Wayata ta yi ƙara, Yaya ne. Ya ce allura ta shiga ja, leɓɓan Inna sun fara canja launi, ya samo mota. Na ce ya ƙara mini ɗan lokaci, an kusa kiran salla. Ya ce ba zai zauna yana kallo ba. Ta bayansa ina jin muryarta sama-sama tana cewa a bar ta, a bar ta a nan, tana kiran sunana tana tambaya ina na shiga. Sai na ji ƙarar ƙofar ɗakin, wadda ke kukan nan in an buɗe ta duka, wayar ta katse. Ba na nan aka fitar da ita. Ina zaune a kan kujerar wasu ina kallon labule.

Aka kira la'asar. Alhaji ya fito ta ƙofarsa ya tafi masallaci, ya dawo, ya tsaya gaisawa da mutane a waje, sannan aka ce in shiga. Yana zaune da farar jallabiya, shatin matashi bai gama barin kumatunsa ba. Ya tambayi ɗiyar wace ce ni, ya ce ya san mahaifina, ya yi masa addu'a. Da ya ji abin da ya kawo ni ya yi salati da ƙarfi, ya sa aka miƙo masa wayar, ya goge yatsa a jallabiya ya dangwala. Bai ɗauke hannu ba wayar ta yi ƙara sau biyu a jere, mai unguwa da manaja sun bi.

Ya ce, “Subhanallahi. Ai da sun sa nasu tun ɗazu, wa zai hana su? Mutum biyu aka ce.”

Na ce, “Sun ce ba su shiga gabanka, Alhaji.”

Ya ce, “Kai, mutanen nan,” yana girgiza kai. Amma ina kallon fuskarsa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya sake duba wayar inda sunansa ya fito a sama nasu a ƙasa, ya gyara zama. Daɗi ya ji. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa, bai iya ba, kuma ni da na shekara ashirin ina karantar fuskar yaran da suka ci jarrabawa ba za a ɓoye mini wannan ba. Ya ce direba ya kai ni duk inda za ni, na ce na gode, ina da ƙafa.

Matar Yaya ta ce mini daga baya wuta ta dawo motar ba ta daɗe da barin layi ba, injin ya tashi yana hura iska a ɗakin da ba kowa. Ihu bayan hari.

A asibiti aka sa Inna a ɗakin mata, gado na kusa da ƙofa, tsakaninta da wata baƙuwa labule ne kawai. Likita ya ce wahalar wunin nan ta taɓa zuciyarta, ba zai sake sallamarta ba, ko wuta ta dawo ko ba ta dawo ba, don bai ga abin da zai hana a sake yankewa ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta juya fuska bango, in na kawo kunu ta sha kaɗan ta ce ya isa. Sau ɗaya ta yi mini maganar, da rana, ana ta hayaniyar masu dubiya a gadon gefe. Ta ce, “Kin ce yanzu za a maido.” Na ce an maido, Inna. Ta ce, “To mi nike yi nan?” Ba ta cika mako ba ta rasu, da safe, lokacin da ake goge ƙasa, mai shara na cewa in ɗaga ƙafa.

Ranar addu'ar uku Yaya ya shigo cikin gida ya ce mini manyan baƙi sun zo, suna so su yi mini ta'aziyya da bakinsu. Na sa hijabi na tsaya a bayan ƙofar zaure. Su ukun ne, mota ɗaya suka zo. Alhaji a kan kujera, mai unguwa a kan darduma, manaja a bakin tabarma ya naɗe ƙafa. Alhaji ya yi addu'a mai tsawo, suka shafa, mai unguwa ya ce kwana ne ya ƙare, ko a ɗaka ko a asibiti ba ta wuce ranar. Sannan Alhaji ya yi gyaran murya ya ce yana so iyalan mamaciya su sani kwamiti bai ɗauki abin da wasa ba. Sun zauna, sun ga mutum uku sun yi kaɗan ga amana irin wannan, saboda haka sun roƙi wani babban mutum ɗan garin nan da ke zaune a Abuja, wanda ya girme su duka a shekaru da muƙami, ya karɓi iko na huɗu, kuma ya amsa. Daga yanzu yatsa uku za a riƙa nema, don a ƙara tsaro.

Mazan da ke zauren suka ce madalla, Allah ya saka da alheri. Yaya ya waiwayo wajen ƙofa yana jiran in ce wani abu, don ni aka zo yi wa gaisuwa. Na tambaya ta bayan ƙofar, da muryar da kowa zai ji, ko an gaya wa akwatunan cewa akwai wani tsoho a layin bayanmu da aka sallamo jiya da irin injin Inna. Manajan ya ɗago, ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi Alhaji, Alhaji ya ce in Allah ya so za a duba.